IN FAMFO YA FARA JAN HANNU: Yadda Ake Gano Wutar Lantarkin Da Ta Saki Hanya Cikin Gida

A gidajen ma'aikata da ɗakunan kwanan ɗalibai, har ma da gidajen haya na cikin gari, akwai wani kuka da akan yawaita ji, musamman da damina, watau a ce famfon banɗaki yana ja. Mutum ya kai hannu zai buɗe famfo, sai ya ji wani zir ya ratsa masa yatsu, ya janye hannu ba shiri. Daga nan mutanen gida su shiga dabara: wani ya naɗe kan famfon da leda, wani ya kafa doka kada kowa ya shiga wanka sai da silifa, wani kuwa ya ce ai shi ya saba, ba ta yin kome. A haka sai a share watanni ana zaune da abin.

To, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Bututun ruwa ba a yi shi don ya ɗauki wuta ba, saboda haka duk ranar da ya fara ja, lalle akwai inda wuta ta saki hanyarta ta bi ƙarfen da mutane ke taɓawa da jiƙaƙƙen hannu. Ɗan jan da ake ji yau gargaɗi ne. Laifin da ya haddasa shi ba ya gyara kansa, sai dai ya ƙaru, kuma ranar da ya kai ƙarshe ba ya sallama. Don haka ya kamata mai karatu ya san yadda abin ke faruwa, da abin da shi zai iya lura da shi, da kuma abin da ya wajaba ya bar wa masu sana'a.

WAYOYI UKU

Wutar da ke shiga gidajen Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne bisa ƙa'ida. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, kamar yadda tsayin tanki ke tura ruwa cikin bututu. Yawan wutar da ke gudana kuwa da amfiya ake auna ta, kuma kashi ɗaya cikin dubu na amfiya shi ake kira miliamfiya.

Kowane soket da aka haɗa daidai yana da wayoyi uku. Ta farko ita ce mai kawo wuta. Ta biyu ita ce mai mayar da ita inda ta fito, wadda masu gyaran wuta ke kira nutural. Ta uku ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin gidaje mai kawo wuta ja ce, nutural baƙa, ta ƙasa kuwa koriya. A sabon tsari mai kawo wuta ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, ta ƙasa kuma mai ratsin kore da rawaya. Dukan tsarin biyu ana samunsu a gidajenmu, wani lokaci ma cikin gida ɗaya, don haka gwani ba ya dogara ga launi kaɗai sai ya auna.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a can gindin taransfoma an haɗa nutural da ƙasa. Wannan ya sa duk wutar da ta kuɓuce daga wayarta tana iya komawa taransfoma ta cikin ƙasa, kuma duk hanyar da ta samu za ta bi, ko bututu, ko jiƙaƙƙen bango, ko jikin mutumin da ke tsaye ba takalmi a kan siminti. Aikin wayar ƙasa shi ne ta haɗa jikin firji da hita da injin ruwa da wani dogon ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a gefen gida, domin in wuta ta ɓalle ta sami hanya mai sauƙi wadda ba ta jikin ɗan Adam ba. In kome lafiya, wannan waya zaune take ba ta ɗaukar kome. Shi ya sa wasu masu aikin ganin ido kan ƙi sa ta, tun da fitila za ta kama, fanka za ta juya, mai gida ba zai san an cuce shi ba sai ranar da ake bukatarta.

NAWA KE KISA?

Mutane da yawa na zaton sai wuta mai yawa ke kisa. Lissafi bai nuna haka ba. Jikin mutum yakan fara jin wuta tun tana kimanin miliamfiya 1. In ta kai wajen miliamfiya 10 sai jijiyoyin hannu su ƙage, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. In ta kai 50 zuwa sama ta ratsa ƙirji na ɗan lokaci, tana iya rikita bugun zuciya har ya tsaya. Ƙwan lantarki irin na da mai wat 60 yana jan kimanin miliamfiya 260. Ashe ke nan wutar da ba ta isa ta kunna ƙwai ɗaya sosai ba ta isa ta raba mutum da ransa.

Busasshiyar fata tana tare wuta ƙwarai, amma da ta jiƙa, balle da ruwan sabulu, sai katangar ta rushe. Turjiyar jiki ga wuta, wadda ake aunawa da om, takan sauko zuwa kimanin om 1,000. In aka raba bolt 230 da 1,000 za a sami miliamfiya 230, watau ninkin ba ninkin abin da zuciya ke iya ɗauka. Dalili ke nan da ya sa famfon da ke yi wa mai takalmi a madafa cakulkuli kawai yake iya kayar da yaro a banɗaki. Ƙa'idojin aikin lantarki na duniya sun ɗauki bolt 50 a matsayin iyakar abin da za a iya taɓawa a busasshen wuri, a wurin danshi kuwa iyakar ta yi ƙasa da haka nesa.

Sai dai a rarrabe wannan da tartsatsin hunturu. Lokacin da iska ta bushe, mutum kan taɓa ƙofar mota ko marikin ƙofa ya ji tas sau ɗaya, in ya sake taɓawa shiru. Wannan wuta ce da gogayyar tufafi ta tara a jiki, ba ruwanta da wayoyin gida. Wadda ake tsoro ita ce mai ci gaba da zir-zir muddin hannu na kan ƙarfen, ko mai cizo a inda fata ta tsage.

INDA WUTAR KE FITOWA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wurin farko da akan tuhuma shi ne hitar banɗaki. Ƙarfen da ke zafafa ruwa a cikinta yana da rufi, in ya tsufa ko aka kunna hitar babu ruwa sai rufin ya fashe, wuta ta shiga ruwa da jikin tukunyar, daga nan ta bi bututu. Na biyu shi ne injin jan ruwa, ko na rijiyar burtsatse ko mai tura ruwa tanki, musamman inda aka yi ƙarin waya aka naɗe da salatif aka bar ta cikin danshi. Na uku, wayar da aka binne cikin bango ba tare da bututun kariya ba, ƙusa ta huda ta, ko ɓera ya ci rufinta a silin, ko kuma ta gogi bututun ƙarfe. Irin wannan ita ce mai tashi da damina ta lafa da rani, domin jiƙaƙƙen bango yana ɗaukar wuta.

Akwai kuma laifin haɗi. Wani lokaci akan juya wayoyi, a sa makunni a kan nutural maimakon mai kawo wuta. In haka ta faru, ko an kashe hita za ta daina zafi amma wuta na nan cikinta. Wasu kuma don su nuna wa mai gida akwai wayar ƙasa, sai su haɗa ramin ƙasa na soket da nutural. Ranar da nutural ta tsinke a wani wuri, jikin duk abin da aka jona a soket ɗin sai ya ɗauki wuta. Haka nan janareta ko inbata ta sola da aka haɗa da wayoyin gida ba tare da canjoba mai kyau ba, sukan kawo irin wannan rikici.

Ba kullum laifin ke cikin gida ba. Nutural kan tsinke ko ta saki a kan falwaya, ɓarayi kuma kan yanke wayoyin jan ƙarfe na gindin taransfoma. Alamar wannan ita ce a ga wasu fitilu sun yi haske fiye da kima wasu sun dushe, kayan wuta suna ƙonewa a gidaje da dama lokaci ɗaya, domin a irin wannan hali ƙarfin wuta a wani layin kan haura ya doshi bolt 400. Har ila yau, a gidajen da ke shan ruwa daga bututun ƙarfe guda, laifin gidan maƙwabci kan biyo bututu ya ɓulla a banɗakin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wani abin lura shi ne sauyin da aka samu wajen aikin famfo. A tsofaffin gidajen gwamnati bututun ƙarfe ne tun daga titi har banɗaki, kuma da yake yana binne cikin ƙasa shi kansa yakan zubar da wutar da ta ɓalle, har wasu masu wayarin na da suka riƙa ɗaura wayar ƙasa a jikinsa. Da aka shiga yayin bututun roba, sai mai gyaran famfo ya yanke wani sashe ya sa roba. Ruwa ya daina yoyo, kowa ya yi murna, alhali an raba sauran ƙarfen da ƙasa, an kuma bar gidan ba kariya.

ABIN DA MAI GIDA ZAI YI

Da zarar an ji famfo ya ja, a daina amfani da shi, a hana yara shiga wurin, a kashe hita da injin ruwa daga babban akwatin wuta, sa'an nan a nemi gwani. Kada kowa ya sake gwadawa da hannu, ko da bayan yatsa ne, don a ga ko ta daina.

Amma akwai taimakon da mai gida zai yi wanda zai rage wa mai gyara rabin aiki, shi ne ya tattara abin da mutanen gida suka riga suka lura da shi. Wane famfo ne ke ja, na ruwan zafi ko na sanyi, ko duka? Da wane lokaci, sa'ad da hita ke kunne ko sa'ad da injin ruwa ke aiki? Yana ja in an ɗauke wuta an ta da janareta? Bayan ruwan sama ne ya fi tsanani? An yi wani gyara kwanan nan, ko an kafa ƙusa a bango, ko an sayo sabon firji? Maƙwabta na kukan haka? Masu kiwo kuma su lura da dabbobinsu: shanu sun fi mutum jin ƙaramar wuta, don haka in sun fara ƙin shan ruwa a kwamin ƙarfe da injin ke cikawa, a bincika.

YADDA GWANI KE BIN SAWU

Mai gyaran da ya zo da tasta kaɗai, watau ɗan sukundireban nan mai fitila a gindi, bai zo da kayan aiki ba. Tasta ba ta faɗin yawan wuta, takan kama inda babu haɗari, takan kuma ƙi kamawa inda akwai shi. Abin da gwani zai fara yi shi ne ya soka wani ƙarfe cikin ƙasa mai danshi nesa kaɗan da ginin, ya jawo waya daga nan, ya auna bolt nawa ne tsakanin famfo da ainihin ƙasa. Nan ma da lura, domin mitar zamani mai nuna lamba tana da saurin ji, har takan nuna bolt masu yawa a kan wayar da ke kwance kusa da mai wuta alhali babu wani ƙarfi a bayansu. Gwani yakan tabbatar da ma'auni mai ɗora ɗan nauyi a kan layin. In lambar ta faɗi zuwa sifiri, inuwa ce kawai. In ta tsaya, akwai laifi na gaske.

Daga nan sai a shiga tacewa. A kashe babban makunnin gida, wanda ke raba mai kawo wuta da nutural duka, a kuma tabbatar janareta da inbata ba sa aiki, sa'an nan a dubi mita. In wutar famfo ta ɓace, laifin na cikin gida ne. Sai a kashe dukan bireka, a mayar da babban makunni, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wadda ke dawo da wutar. An sami layin ke nan. A wannan layi sai a zare duk abin da aka jona, a riƙa mayarwa ɗai-ɗai. In wani ne ya dawo da ita, an kama mai laifi. In kuwa an zare kome amma wutar na nan, to, waya ce ta lalace cikin bango ko silin.

Wannan zato kuma ana tabbatar da shi da na'urar gwada rufin waya, wadda masu sana'a ke kira mega. Bayan an kashe wuta an zare kaya, takan tura bolt 500 cikin waya ta auna ko rufin na yoyo. Ƙa'ida ita ce kada sakamakon ya gaza om miliyan 1. Da ita ake gwada ƙarfen hita da injin ruwa. Sa'an nan a gwada kowane soket a ga ko an juya wayoyi, a kuma ga ko wayar ƙasa ta isa tun daga soket har ƙarfen da aka kafa ba tare da tsinkewa ba.

In kuwa an kashe babban makunni amma famfo bai daina nuna wuta ba, daga waje take zuwa. Akwai mita mai baki irin na filaya da ake maƙala wa bututu ta nuna ko wuta na gudana cikinsa. A nan mai gyaran famfo ya yi hattara ƙwarai: bututun da ke ɗauke da wuta, in aka yanke shi aka riƙe ɓangarorin biyu da hannu biyu, wutar ta cikin ƙirjin mutum za ta bi. Gyaran falwaya da taransfoma kuwa aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na 'yan unguwa masu tsani ba. Ko da yake har yau bakin jama'a bai bar cewa NEPA ba, hukumar da aka kafa a 1972 an rushe ta bayan dokar gyaran harkar lantarki ta 2005, kuma a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Mutanen Kano da Katsina da Jigawa, alal misali, KEDCO za su kai wa kuka, na Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara kuwa kamfanin Kaduna.

ME YA SA FIYUS BAI ƘONE BA?

Tambaya ce da akan yi, amsarta kuma na cikin lissafi. A ce ƙarfen da aka kafa a ƙasa turjiyarsa om 100 ce, abin da ba baƙo ba ne a ƙasa mai yashi da rani. In mai kawo wuta ta taɓa jikin hita, wutar da za ta zuba ƙasa ita ce 230 a raba da 100, watau amfiya 2.3. Fiyus ɗin fulogi mai amfiya 13 ba zai ko yi ɗumi ba, haka ma bireka mai amfiya 20 ko 32. Saboda haka jikin hitar zai zauna da wuta dare da rana, kuma wayar ƙasar da aka sa don kariya ita za ta raba wutar ga jikin firji da dutsen guga da duk abin da ke haɗe da ita. Fiyus da bireka an yi su ne don su hana waya zafi da gobara. Wanda ya cire wayar fiyus ya cusa ƙusa ko waya mai kauri, ko wannan kariyar ma ya zubar.

Abin da ke kare rai shi ne na'urar katse yoyon wuta, wadda ake sayarwa da sunan RCD ko RCCB. Aikinta shi ne ta riƙa gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo ta nutural. In aka sami giɓi, ta san wuta ta bi wata hanya, sai ta katse layin cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Wadda ake sa wa don kare mutane ita ce mai miliamfiya 30. Cikin waɗanda suka share fagen wannan fasaha akwai Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wanda ya daɗe yana nazarin abin da wuta ke yi wa jikin mutum kafin ya ƙera irin tasa na'urar a 1961. Tana da maɓallin gwaji a fuskarta, kuma ya kamata a riƙa danna shi bayan 'yan watanni a ga ko tana faɗuwa. In ta riƙa faɗuwa da kanta, laifi take nunawa. Babban kuskure ne a ce ta cika fitina a tsallake ta da waya.

Cikakken gyara ke nan ya haɗa abubuwa huɗu: a kawar da ainihin laifin, a gyara ƙarfen ƙasa a auna shi da rani lokacin da ƙasa ta fi bushewa, a haɗa bututun ƙarfe da babbar mahaɗar wayar ƙasa da waya mai kauri, sa'an nan a sa na'urar katse yoyo. Wanda ya ɗaura wa famfo waya ya soka ta ƙasa don jan ya ragu, bai yi magani ba, ya dai toshe bakin mai gargaɗi.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

In aka tarar wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu, kada kuma a taka ruwan da yake ciki. A ruga a kashe babban makunni. In ba hali, a tsaya a kan busasshen katako a ture shi da busasshiyar sanda. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a shiga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemi mota ko ya kira lambar gaggawa 112. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Ɗalibai kuma su ji wannan da kyau: hitar nan da ake tsomawa cikin bokiti, ba a sa hannu a ji ɗumin ruwa sai an zare ta daga soket, kuma wadda aka haɗa da hannu daga guntayen ƙarfe ba abar shiga ɗakin kwana ba ce ko kaɗan.

A shekarar 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA, wadda aikinta ya haɗa da duba ingancin haɗin wuta da ba masu aikin wayarin takardar shaida. Mai gida yana da damar ya nemi ganin wannan takarda kafin ya ba mutum aiki, ya kuma nemi a rubuta masa sakamakon awon da aka yi. Wajen sayen waya da bireka a tuna araha ba ta ado. Ma'aikacin da ke zaune a gidan gwamnati, da ɗalibin da ke ɗakin kwana, da ɗan haya, kowannensu ya kai rahoto a rubuce da kwanan wata ga wanda alhakin ginin ke wuyansa, ya kuma ajiye kwafi. Hukumomin makarantu da ma'aikatun ayyuka su ma ya kamata su ɗauki irin wannan takarda a matsayin ta gaggawa, a rufe banɗakin a ranar, kada a sa ta cikin fayil ta jira kasafin baɗi. Allah ya kiyashe mu da iyalanmu, amin.